Motar Yaya a Hannun Mai Aski

A layin nan, in ka ce kana neman Sunkuya, ko akuya za ta nuna maka shagonsa. Mai aski ne, gajere, mai tumbi daidai misali, kansa kuwa tal kamar an lashe. Shi ya sa wasu ke cewa bai kamata a ba shi amanar gashi ba, tunda nasa ma ya gudu ya bar shi. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana saurayi, duk wanda ya zauna a kujerarsa, kafin a gama gaisuwa sai ya ji an dafa masa ƙeya an ce, “Ɗan sunkuya.” Ya faɗa wa yaro, ya faɗa wa tsoho, ya faɗa wa ɗan sanda da kakinsa. Tun yana fushi in an kira shi da sunan har ya gaji, ƙarshe ma da kansa ya sa aka rubuta shi a allon shago.

A gindin bishiya ya fara, da kujera mai ƙafa uku da rabi da wani madubi tsagagge wanda ke raba fuskar mutum gida biyu. Da wannan ya yi aure, da shi ya kama shago, da shi ya ciyar da tagwayensa har suka fi shi tsawo. Sai dai sana'ar ta shige masa jini fiye da kima. A wurin Sunkuya, komai na duniya kai ne. In zai sayi kankana, sai ya juya ta a hannu yana duba inda ya kamata a fara. In yana bin layi a asibiti, ƙeyar na gabansa yake kallo yana tsaki. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta taɓa kama shi yana daidaita bakin tsintsiyarta da almakashi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a rayuwa, wato mota. Keke ya yi, har sirdin ya ɗauki siffarsa. Babur ya yi, wani tsoho mai tari, wanda sai an tura shi har kwanar layi kafin ya tashi, in ma ya ga dama. Amma lasin tuƙi yana da shi tun da gashi a kansa, kuma duk sanda ya ƙare sai ya je ya sabunta.

“Na tuƙa me?” in ji matarsa. “Kujerar aski?”

“Ke dai bari. Ranar na zuwa.”

Babban wansa, wanda kowa ke kira Yaya, shi ne mai mota a gidansu. Shuɗiya ce mai duhu, tsohuwar yayi, amma ƙyallinta ya fi na sababbi. In ta tsaya a layin, mata kan gyara ɗaurin ɗankwali a jikin ƙofarta. Yaya bai taɓa yarda ƙaninsa ya riƙe sitiyarinta ba. Ko jingina ya yi da ita, sai ya ji an ce, “Auta, matsa, gumi gare ka.”

Da Allah ya yi wa Yaya rasuwa, aka yi kuka, aka share hawaye, aka kwana biyu. Sai wata rana matar marigayin, wadda Sunkuya ke kira Anti, ta aika ya zo. Doguwar mace ce mai tabarau, ba ta maimaita magana.

“Auta, zauna. Dillali na ta yi mini zarya a kan motar yayanka.”

Sunkuya ya gyara zama.

“Ban ba shi amsa ba tukuna. Ga makulli. Ka riƙe ta zuwa ƙarshen wata, zan zo in gani da idona. In na tarar da ita yadda yayanka ya bar ta, taka ce halak malak. In kuwa ta koɗe, ko na ga zane ko da na farce ne, a gabanka zan miƙa wa dillali. Ka ji ni?”

“Anti, ni da nake wanke kan mutane? Mota ce za ta gagare ni?”

“Bakin nan naka nake tsoro. Tashi ka tafi.”

Ranar da ya shigo layin da ita, tafiyar hawainiya yake yi, yana danna ham ga duk wanda ya gani, har da waɗanda ke zaune cikin gidajensu. Ya faka a ƙofar shago, ya fito, ya zagaya ta, ya koma ciki, ya sake fitowa don waɗanda ba su ga fitowar farko ba. Maƙwabcinsa Mai Faci, wani siriri mai baƙin hannu da dogon baki, ya ajiye tayar da yake lallaɓawa ya miƙe ya sara masa.

“Ranka ya daɗe, a share maka hanya ko a shimfiɗa darduma?”

“Matsa,” in ji Sunkuya. “Gumi gare ka.”

Ba a jima ba tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi wa rufin motar ado. Sunkuya ya shiga gida da gudu yana neman abin wanki. Maman 'Yan Biyu ta miƙo masa garin sabulun wankinta ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Wannan ya fitar da dattin rigunan 'ya'yanka, balle na ƙarfe.”

Ya haɗa da soson ƙarfe na tukunya ya fito. Allah ya taimake shi Mai Faci ya hango, ya yi tsalle ya riƙe masa hannu.

“Kai! Wankewa za ka yi ko feɗewa?”

Aka jefar da soson, aka ɗauko tsumma. Amma rana na tsaka, ƙarfen ya yi zafi kamar kasko. Kafin ya gama saɓa bayan motar, gaban ya bushe ƙayau. Da ya ɗauraye ya ja da baya don ya yaba wa kansa, sai ya ga shuɗin nan ya yi fari-fari, dabbare-dabbare, kamar kan yaro mai makero.

“Ka shafa mata maganin da kake shafa wa yara,” in ji Mai Faci. “Na ji an ce yana ci.”

Sunkuya bai yi dariya ba. Ya tsaya ya ƙura wa motar ido, can sai ya bugi cinyarsa. Maganar Mai Faci ta buɗe masa kai. Laifinsa ne da ya ɗauki mota kamar riga. Mota ai kai ce. Tana da goshi, tana da ƙeya, tana da kunnuwa biyu a gefe. To, me ake wanke kai da shi?

Washegari ya fito da babbar kwalbar shamfun shagonsa, koren nan mai ƙamshin tuffa, wanda sai manyan baƙi yake buɗe wa. Ya zuba a tafin hannu, ya shafa a bonet, ya shiga murzawa da yatsu yana zagayawa kamar yadda yake sosa wa mutum kai. Har magana yake mata.

“Yi haƙuri, ruwan da ɗan sanyi. Rufe ido, ga kumfa nan.”

Ya tsane ta da tawul ɗin kwastomomi, su kuwa suna zaune a benci da rabin aski suna jira. Da ya ga ƙyallin bai kai na zamanin Yaya ba, sai ya ce ai kai ma bayan wanki mai yake so. Ya kwaso man gashi ya mulke ta tun daga fitila har lamba. Nan fa ta ɗauki sheƙi. Sunkuya ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, ya yi mata murmushi, ta mayar masa.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Ƙudan zuma ne suka fara zuwa, ɗaya, biyu, sai ga dangi gaba ɗaya, sun ji ƙamshin tuffa suna neman bishiyar. Iska ta kaɗa, duk abin da ke yawo a layin ya zo ya manne: ƙasa, gashin kaza, ledar alewa, da gashin da aka share daga shagonsa. Kafin magariba motar ta tsiro da gemu. Ya shiga don ya kawar da ita daga hanyar zuma, ya kunna waifa, man ya dame gilashin, bai ƙara ganin komai ba sai hazo. Da kansa a waje ta taga ya yi tuƙin, zuma na biye da sanƙonsa.

Maman 'Yan Biyu na tsaye a ƙofar gida, ta riƙe ciki don dariya.

“Maigida, tsaya mana! Ga almakashi, ka rage mata saje!”

Ranar bai ci abincin kirki ba. Harbin zuma ya kumbura masa goshi a wuri biyu, wata kuma ya kusa ƙarewa. Da ya rufe ido sai ya ga dillali na zaune a kujerar Yaya, yana gyara madubi daidai fuskarsa. Matarsa ta gama dariyarta, ta zo ta zauna kusa da shi tana shafa masa magani.

“Ka ajiye girman kai ka je shagon kayan mota ka tambaya. Ba kowane abu ne ƙeya ba.”

Ya je. Shagon cike yake da kwalabe, ja, kore, ruwan hoda, mai ruwan madara. Sunkuya ya shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Matar da ke tsaron shagon ta zuba masa ido har ya kai ta ƙarshen kanta.

“Baba, sha za ka yi?”

“Mai ƙamshi kaɗan nake nema, 'yata. Wanda zuma ba ta sani ba.”

Da ta ji labarin, sai da ta zauna a kan katan ta share hawayen dariya. Sannan ta ɗauko masa wata kwalba. Ta ce wannan don fentin mota aka yi shi, ba ya cin launi, kuma da ɗan kaki a ciki mai sa ƙyalli. Ta ce sabulun wanki da na wanke-wanke su ne ke kashe fenti. Ta ce a inuwa ake wanki, ƙarfe na sanyi. A fara watsa ruwa ƙasa ta sauka, a yi bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga sama, taya a ƙarshe. Ta haɗa masa da soso mai laushi.

“Kuma murfi ɗaya ya isa bokiti. Murfi ɗaya, Baba.”

Sunkuya ya gyaɗa kai. Duk ya riƙe, amma maganar murfin nan ba ta zauna masa ba. A hanya yana ta juya ta. Kan mutum ɗaya, ɗan ƙarami, tafin hannu guda yake ci. To, kawuna nawa ne a jikin mota? Da ya iso ya shiga auna bonet da tafinsa, ya auna ƙofofi, ya hau kujera ya auna rufi. Lissafin ya ɓace masa a wajen but, amma ya tabbata yarinyar nan ba ta taɓa wanke kan kowa ba.

Ranar ƙarshen wata ya fito da sassafe, inuwa ta rufe ƙofar shago. Ya watsa ruwa kamar yadda aka ce. Ya jera bokiti biyu kamar yadda aka ce. Sannan ya kife kwalbar nan gaba ɗaya a cikin na farko, har yana bubbuga gindinta.

Mai Faci ya leƙo.

“Da hannu za ka kaɗa? Kai baƙauye ne. A wurin wankin zamani da inji ake tada kumfa. Dakata.”

Ya jawo tiyon da yake ba taya iska, ya cusa a bokitin, ya tada inji.

Da fari wani gurnani bokitin ya yi. Sai kumfa ta taso. Ta wuce baki, ta wuce gwiwar Sunkuya, ta hau taya, ta hau ƙofa. Sunkuya ya yi ihu, “Kashe! Kashe!” Mai Faci ya juya zai ruga wajen injin, santsi ya kwashe shi, ƙafafunsa suka yi sama, ya ɓace. Tiyon ya fice daga hannunsa ya shiga rawa shi kaɗai yana feshi ko'ina. Kumfa ta shiga shagon aski ta hau benci. Ta gangara layi. Wata kaza ta shiga ta wannan gefe, ta fito ta wancan gefe kamar ƙaramar tunkiya. Mata suka fito da bokitai suna ɗiba, wai kada a yi asara, ga wanki na jiransu. Maman 'Yan Biyu ta buɗe ƙofa, ta duba, ta ce, “Ina mijina?” Wani farin tudu ya ɗaga hannu.

Daidai nan Anti ta shawo kwana, jaka a hammata, dillali na biye da ita da tsinke a baki.

Wani ya samu ya kashe injin. Layin ya yi tsit, sai ƙarar kumfa tana fashewa a hankali. Dillali ya cire tsinken, ya dubi dama, ya dubi hagu.

“Hajiya, ina motar?”

Sunkuya ya share idonsa da yatsa. Ya so ya yi magana, kumfa ta fito. A ransa ya riga ya ga makullin a hannun dillali.

Anti ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe baki da gyale, abin ya ƙi, sai ta sake shi. Rabon da a ji dariyarta tun Yaya na da rai. Ta yi har ta dafa dillali, ta tuna ko wane ne, ta janye hannunta.

“Auta, kwalba nawa?”

“Ɗaya ce tak, Anti.”

“Ɗaya! Abin da nake wata da watanni ina amfani da shi!”

Ta miƙa wa Maman 'Yan Biyu jakarta, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta tuɓe takalmi. “Ba ni tiyon ruwa. Kai kuma mai iska, in ka sake matsowa nan sai na wanke ka da kai.”

Ta fara daga rufi, tana kora kumfar ƙasa, shuɗin yana fitowa kaɗan-kaɗan. Ta sa aka zubar da bokitin aka haɗa sabo da ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar. Ta tsoma soso, ta ja shi miƙe, ta ɗauraye a ɗaya bokitin, ta sake tsomawa. Hannunta ya san kowane lungu na motar, har ƙarƙashin marfin tanki. Sunkuya ya ɗauki tsumma zai taimaka, ya fara murzawa yana zagaye, ta buge masa hannu.

“Miƙe ake ja! Sosa mata kai kake yi?”

“Anti, a ina kika koya? Yaya ne ya nuna miki?”

“Yayanka?” Ta tsaya da soso a hannu. “Allah ya jiƙansa, mutumin da bai san inda bokiti yake kwana ba? Ni nake wanke ta kullum a cikin gida kafin ya tashi. Shi nasa ya fito waje da hankici, ya hura wa madubi iska, ya goge, mutane su ce kai, mutumin nan akwai tsafta.”

Layin ya kwashe da dariya. Mai Faci, da ke zaune a bakin kwata yana matse riga, ya ce, “Ashe duk gidan haka suke.”

Da ta tsane ta da busasshen ƙyalle, motar ta fito fes, ta fi ranar da aka kawo ta. Amma Anti ba ta gama ba. Ta gyara tabarau ta shiga zagayawa, tana bin fentin da ɗan yatsa. Dillali na bayanta, Sunkuya na bayan dillali. A ƙofar baya yatsan ya tsaya. Wani siririn zane ne, tsawon ɗan yatsa.

“Yawwa,” in ji dillali. “Ga shi nan. Hajiya, magana ta ƙare.”

Sunkuya ya ɗaga hannu biyu sama. “Anti, wallahi tallahi, ban...”

“Yi shiru, na san shi. Zobena ne ya yi shi, tun tagwayenka na rarrafe. Yayanka ya ce hannun babur ɗinka ne, ni kuma na ga ba sai na tsawaita magana ba.”

“Anti! Wata guda bai amsa gaisuwata ba!”

“To, ai ga shi yanzu na biya ka.” Ta juya wajen dillali. “Malam, ka sha hanya. Ba ta sayarwa ba ce.”

Dillali ya mayar da tsinkensa, ya tafi yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake wuta. Sunkuya ya yi tsalle ɗaya, santsi ya tuna masa da shekarunsa, ya rungume madubin mota ya tsaya.

“Kada ka yi saurin murna,” in ji Anti. “Da sharaɗi. Mota taka ce, amma wanki nawa ne. Duk ƙarshen mako ka kawo mini ita gida da safe.” Ta sassauta murya, tana ninke ƙyallen. “Tun da ya tafi, in na tashi sai in rasa abin da zan yi da hannuna.”

Maman 'Yan Biyu ta matso ta riƙe mata kafaɗa. Sunkuya ya buɗe baki zai yi doguwar godiya, Anti ta cusa masa buroshi a hannu.

“Taya huɗu suna jiranka. Su kaɗai na yarda ka taɓa. In ka gama ka wanke ƙafarka ka kai ni gida.”

Ya durƙusa ya kama ta farko yana waƙa. Matarsa ta shige ciki da gudu ta sako sabon mayafi, ta buɗe gaban mota ta zauna ta harɗe hannu. Mai Faci ya zagayo ta baya a hankali, jiƙe sharkaf, ya kama hannun ƙofa.

“Hajiya, ko zuwa kwanar layi ne?”

Anti ta dube shi daga sama har ƙasa.

“A shimfiɗa masa leda,” ta ce, “ya shiga but.”